Rakiya Har Bakin Ruwa

Shekaru kaɗan kafin yaƙin da ya ɓarke a ƙasar Sudan cikin watan Afrilu na 2023, Allah ya ƙaddara mini tsayuwa a bakin Bahar Maliya, a tsohon garin nan na Sawakin, na rako wani dattijo, ɗan wan kakana, wanda aka haifa a Mai Wurno, bai taɓa taka ƙasar Hausa ba ko da sau ɗaya, alhali kuwa Hausar da ke bakinsa ta fi tawa tsabta, zai shiga jirgin fito ya ƙetare zuwa Jidda don ya yi Umra. Tun da hantsi muke zaune a rumfar wata mai shayi, tana ta zuba mana gahawa mai citta a ɗan ƙaramin finjali, muna kallon cikin jirgin yana haɗiye motoci da buhuna da akwatuna kamar ba zai ƙoshi ba, har la'asar ta yi aka kira fasinja. Dattijon ya miƙe, ya dafa kafaɗata irin gaisuwar mutanen can, sa'an nan ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗana, in na saɓa maka a ɗan zaman da muka yi, ka yafe mini." Na ce, "Haba Baba, tafiyar dare ɗaya ce fa, gobe war haka kana ɗawafi." Ya ce, "Na sani. Kai dai ka yafe."

Da aka rufe ƙofa, mu 'yan rakiya muka zagaya ta wajen kangayen tsohon gari, inda manyan gidajen nan na dutsen murjani suka zube suka bar tsofaffin masallatai a tsaye, muka sami wuri a gaɓa inda ake ganin jirgin sosai. Jirgin ruwa ba ya tashi farat ɗaya. Da fari sai a kwance igiyoyi, a ja su sama suna ɗigar da ruwa. Sai ya yi jiniya, wata irin ƙara mai kauri wadda mutum ke ji a ƙirjinsa kafin ta kai kunnensa. Sa'an nan ɗan tsagin ruwa ya buɗe tsakaninsa da inda yake ɗaure, wanda ko yaro zai tsallake, ka ɗauke ido ka mayar ka tarar ya zama kamu ashirin, jirgin ya juya hancinsa ya kama siririyar hanyar da ke fitar da shi teku. A lokacin murya tana kaiwa tukuna, don haka mata suka yi ta jaddada saƙo da iyakar ƙarfinsu, wannan tana cewa a tuna da ita a gaban Ɗaki, waccan tana cewa kada a manta da zamzam. Jim kaɗan iska ta fara cinye rabin maganar, aka koma kiran suna kawai; da suna ya daina kaiwa aka koma ɗaga hannu; da hannu ya yi ƙanƙanta aka koma kaɗa mayafi da rawani. Na yi shekara da shekaru ina jin karin maganar nan ta wanda ya yi nisa ba ya jin kira a bakin iyaye masu kuka da kangararrun 'ya'ya, amma sai ran nan na gan ta a kan zahirinta. Farar jallabiyar Baba ta narke cikin sauran fararen jallabiyoyi, benen jirgin ya zama farin layi ɗaya, rana ta faɗa bayan duwatsun da ke yammacin gari, aka kunna fitilu, fitilun suka yi ta haɗewa har suka zama ɗigo guda. Wajen sa'a ɗaya aka yi ana wannan, kuma cikin duk waɗanda muke tsaye ban ga wanda ya juya baya ba sai da ladan ya kira magariba.

Tun daga ranar nake riƙe da wani ra'ayi, wanda na san matasa za su ce tsufa ne ya fara leƙo ni, cewa a cikin dukan ababen hawan da ɗan Adam ya ƙera babu wanda ke ba rabuwa haƙƙinta kamar jirgin ruwa. Zuciya ba ta iya haɗiye abu mai nauyi a dunƙule, sai an gutsura mata kaɗan-kaɗan, kuma malamai sun daɗe suna karantar da mu hikimar tadriji, suna kafa hujja da yadda aka haramta giya daki-daki ba a rana ɗaya ba. To jirgin ruwa haka yake raba mutum da nasa, yana karɓe hannu ya bar murya, ya karɓe murya ya bar gani, ya karɓe gani ya bar addu'a, ta yadda kafin mai rakiya ya kama hanyar gida ya riga ya yi kukansa ya share, ya faɗi abin da ke ransa, ya kuma sallama wa Allah abin da ba shi da iko a kansa.

Bahaushe kuwa ba baƙo ba ne a wajen ladabin sallama. A tarbiyyar da muka taso muka tarar, wanda ya zo gaishe ka ba ka barinsa ya fita shi kaɗai, sai ka ce bari in taka maka. In sa'anka ne ka kai shi ƙofar gida, in babba ne ka kai shi bakin hanya, in kuwa mai doguwar tafiya ne, to sai bayan ganuwa. Sau da yawa ma mai gida ya raka baƙo, baƙo ya juyo ya rako mai gida, suna ta kai da komo a kan layi ɗaya har dare ya raba, don kowa na jin kunyar ya zama shi ya fara juya ƙeya. A zamanin fatauci, sa'ad da ayari ke tashi daga Kano zuwa Gwanja neman goro, tafiyar da ke cin watanni, dangi kan bi madugu da mutanensa har zangon farko, wasu su kwana tare da su, da asuba a yi fatiha a rabu. Amma a tudu rakiya ba ta da haddi tabbatacce, kullum akwai sauran taki ɗaya da mutum zai iya ƙarawa. Ruwa ne kaɗai ke yanke ta. In ayari ya iso bakin Kwara, ta wajen Yawuri ko Ilo, aka yi ciniki da masu fito, aka loda kaya a komi, to duk ƙaunar da mai rakiya ke yi wa matafiyi, a nan ƙafarsa za ta tsaya, abin da ya rage masa ido ne kawai. Ina jin wannan ne ya sa ban kwanan bakin ruwa ya fi kowanne zama a zuciya, ko a wajen mutane irinmu da aka haifa nesa da teku.

Sawakin ɗin nan da na tsaya, ai ba ni ne Bahaushen farko da ya tsaya a gaɓarta yana kallon nasa yana nisa ba. Hanyar Gabas tsohuwa ce ƙwarai, kuma begen Makka da Madina ya daɗe yana tayar da mutanenmu daga gidajensu, har Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kansa ya rayu da wannan bege Allah bai nufe shi da zuwa ba. Bayan da Nasara suka ci Sakkwato a 1903, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira ya nufi gabas da jama'a mai yawa, ya yi shahada a Burmi cikin shekarar, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da waɗanda suka tsira har suka sauka a bakin Shuɗin Nilu, suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa har yau. A bayansu talakawa suka yi ta bin sawu, a ƙafa da kan jaki, daga baya a kan manyan motoci, ta Maiduguri da Fort Lamy, wato Injamena ta yau, da Abeshe da Jinena da Fashir, har Ubayyid inda ake samun jirgin ƙasa. Kaɗan ne daga cikinsu suka fito da guzurin da zai kai su, saboda haka sai a yi zango a yi ƙodago, a yi noma, a yi ɗinki, a sayar da ruwa, musamman bayan da aka buɗe gonakin audugar Jazira a 1925, waɗanda suka sha gumin mutanenmu ba kaɗan ba. Mutum kan bar gida yana saurayi ya isa Sawakin da furfura da 'ya'ya biyar. Ko da Turawa suka gina Fot Sudan a farkon ƙarnin da ya wuce, manyan jiragen kaya suka ƙaurace wa Sawakin har ta zama kango, alhazai ba su ƙaurace mata ba, don nan ne ake tsare su a duba lafiyarsu kafin a bar su su ƙetare; waɗanda ba su da takardu kuwa sukan saci jiki da dare su shiga ƙananan jiragen katako masu tafiya da iska, wasu su isa, wasu ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Tsakanin wannan gaɓa da Jidda bai wuce kimanin kilomita 300 ba, amma ga wanda ya shekara goma yana tahowa, shi ne mataki mafi girma, kuma sau da yawa kuɗin bai isa kowa ya shiga ba, sai miji ya ƙetare ya bar mata da yara a gaɓa da alkawarin zai aiko.

Wanda ya san wannan tarihi ba zai yi mamakin yafiyar da Baba ya nema a kan tafiyar dare ɗaya ba, don a gidan da ya tashi ban kwana hukunci ne kafin ya zama al'ada. Fuƙaha'unmu na Malikiyya ba su ɗauki teku da wasa ba. A cikin Muhtasar na Shaihu Halil an yi bayanin cewa hajji yana wajaba ta hanyar ruwa kamar yadda yake wajaba ta tudu, sai fa in halaka ce ta fi rinjaye, ko kuwa jirin teku zai sa mutum ya tozarta wani rukuni na salla. A babin aure kuma sun yi dogon bahasi a kan mafƙudi, wato mijin da ya tafi aka rasa labarinsa, suka ce matarsa ta kai ƙara wurin alƙali, a bincika, in ba a same shi ba a yanka mata shekara huɗu, sa'an nan ta yi takaba. Waɗannan mas'aloli ba don nishaɗin almajirai aka rubuta su ba. A kowace unguwa ta tsofaffin biranenmu an yi matar da aka ce mijinta ya yi gabas, ta zauna ita ba mai aure ba ita ba bazawara ba, tana tambayar duk alhajin da ya dawo ko ya gan shi. Saboda haka mai hankali ba ya sa ƙafa a hanya sai ya biya bashi ko ya bayyana shi a gaban shaidu, ya mayar da ajiyar mutane, ya bar wa iyali abin ci, ya yi wasiyya, ya bi gida-gida yana neman gafara, har gidan wanda suka yi shekara ba sa ga-maciji. Masu rakiya su kuma su yi masa irin addu'ar da ta zo a sunna, ta damƙa addininsa da amanarsa da ƙarshen ayyukansa a hannun Allah, in ya taka jirgi ya karanta ayar nan ta cikin Suratu Hudu wadda Annabi Nuhu, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya faɗa wa waɗanda suka shiga tare da shi.

Ta wajen kudu ma mun yi irin wannan tsayuwa, ko da yake ba ta kai ta Gabas yawa ba. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ta teku ya yi hajjinsa na 1921, ya biya ta Ingila. A 1943 da 1944 jiragen ruwa ne suka kwashi dubban samarinmu sojoji daga Ikko zuwa Indiya, daga can aka wuce da su dajin Burma, yawancinsu ba su taɓa ganin ruwan da ya fi na kogin garinsu ba, kuma ba a ma gaya musu inda aka nufa da su ba, balle iyayensu su sami abin kaɗa wa mayafi. Bayan yaƙi kuma, 'yan bokonmu da yawa da suka tafi ƙaro ilmi a Ingila daga Apapa suka tashi, wasu a cikin farin jirgin nan Aureol na kamfanin Elder Dempster, wanda ya yi ta zirga-zirga daga 1951 har 1974, tafiyar wajen mako biyu, sai jirgin sama ya kashe masa kasuwa.

Kada mai karatu ya zaci ina kukan a mayar da mu zamanin jaki da komi. Wanda bai sha wuyar abu ba shi ke yi masa kirari, kuma ruwa ba sa'an kwando ba ne. A wannan Bahar Maliya ɗin da na tsaya ina sha'awar fitilu, jirgin fiton nan Al-Salam Boccaccio 98 ya nutse a watan Fabrairu na 2006 tsakanin Duba ta Saudiyya da Safaga ta Masar, da mutum fiye da 1,000, yawancinsu ma'aikata 'yan Masar masu komawa gida. A watan Satumba na 2002 jirgin Joola na ƙasar Senegal ya kife da mutum fiye da 1,800, don an loda masa ninkin-ba-ninkin abin da aka ƙera shi ya ɗauka. Mu ma a gida ba mu manta da jirgin da ya nutse a Kwara ta wajen Warra a jihar Kebbi a watan Mayu na 2021 ba, ko na Bagwai a jihar Kano a watan Nuwamba na shekarar, wanda ya tafi da yara 'yan Islamiyya a kan hanyarsu ta zuwa Mauludi. Duk waɗannan akwai wanda ya tsaya a gaɓa ya ɗaga musu hannu. Ajali gaskiya ne, amma lodin da ya wuce ƙima da ruɓaɓɓen katako da rashin rigar ruwa sakaci ne na 'yan Adam, kuma laƙaba wa ƙaddara shi zalunci ne a kan mamatan. Haka nan da yaƙin Sudan ya tashi a 2023, dubban mutane sun ƙetare wannan teku daga Fot Sudan zuwa Jidda a jiragen ceto, kowa da 'yar jakarsa, kuma na tabbata babu wanda ya sami sukunin tsayawa kallon fitilu. Ban kwana mai daɗi ma sai da zaman lafiya ake yin sa.

Jirgin sama ni'ima ce babba, wanda ya musa ya yi butulci. Tafiyar da ta cinye ƙuruciyar kakanninmu yanzu sa'a huɗu ce zuwa biyar daga Kano, tsohuwa mai sanda tana zuwa ta dawo cikin wata guda da haƙorin Makka da tsarabar jikoki. Abin da nake ƙorafi a kai shi ne, da tafiya ta yi sauƙi sai muka yar da ladabinta tare da wahalarta, kamar wanda ya zubar da tsaki ya haɗa da tsaba. Dubi yadda ake rabuwa a filin jirgi: mota ta tsaya a inda aka hana tsayawa, mai gadi yana busa usur, a sauke akwati a gurguje, a yi musafaha da hannu ɗaya ɗayan yana riƙe da waya, ƙofar gilashi ta buɗe ta haɗiye mutum, shi ke nan. Ko jirgin da ya ɗauke shi ba ka sani ba cikin waɗanda ke wucewa a sama. Da yawa ma ba sa zuwa filin, sai su ce ai za mu yi waya, wayar kuwa ta sa mun daina jin cewa wani ya yi nisa, har muka fara mantawa cewa tafiya tafiya ce. Yanzu mutum kan tashi zuwa Umra ko Turai ko Dubai maƙwabcinsa na jikin katanga bai sani ba sai ya ga hotonsa a WhatsApp, wasu kuwa da gangan suke ɓoyewa wai tsoron baki, su sulale da asuba kamar masu gudun bashi, wani lokacin ma bashin ne da gaske. Neman gafara kuma ya koma saƙo ɗaya da ake turawa mutum ɗari uku a daƙiƙa guda, da 'yan hotunan hannaye a ƙarshensa, wanda bai sa kowa ya sunkuyar da kai ba, bai kuma sa kowa ya taka ƙofar wanda ya ɓata wa ba. Alhali hanyoyinmu na mota a yau, tsakanin haɗari da 'yan fashin daji, ba su fi tekun jiya aminci ba, kuma mun sha jin wanda ya fita da safe bai ko leƙa ɗakin mahaifiyarsa ba don yana sauri, aka dawo da shi a makara, ko aka kira ana neman kuɗin fansa. A irin wannan ranar ce ake gane cewa sabo ake yi wa kuka, kuma kukan wanda bai yi sallama ba ya fi daɗewa.

Baba ya dawo lafiya bayan kwana ashirin da wani abu, a cikin jirgin da ya kai shi, ni kuwa na riga na baro ƙasar, don haka ganin da na yi masa a kan benen nan shi ne na ƙarshe, ya rasu kafin yaƙi ya iso yankinsu. Allah ya jiƙansa. Ba ni da wata nadama game da shi, don ya nemi yafiya na yafe, ni ma na nema ya yafe, na kuma kalle shi har iyakar inda ido ke kaiwa.

Ina roƙon hukumomin da ke kula da jigilar alhazai da masu tsara filayen jiragen sama da tashoshin mota su tuna cewa kowane matafiyi yana da mutane a bayansa, su keɓe wuri mai inuwa inda 'yan rakiya za su zauna da nasu cikin mutunci, a yi addu'a a natse, maimakon a bar su a rana a bakin ƙofa ana kora kamar awaki. Tsaro ba ya hana wannan in an so. Limamai kuma, in lokacin tashin alhazai ya gabato, su riƙa ware huɗuba guda a kan bashi da ajiya da wasiyya kafin a kai ga yadda ake ɗaura harami. Kai kuma mai karatu, in wani naka zai yi tafiya cikin makon nan, ko da motar dare ce zuwa Legas, ajiye abin da kake yi ka ɗaukar masa jaka zuwa tasha, ka jira har motar ta cika, kada ka juya sai ta sha kwana.